Tambayi Likita: Haɗarin Wankin Ciki da Haɗin Gida

A 'yan makonnin nan yawancin saƙonnin da suka iso wannan fili sun shafi abu guda ne, wato wankin ciki da mutum ke haɗa wa kansa a gida, ko dai ya sha ta baki ko ya ɗura ta dubura. Na zaɓo waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran masu tambaya, kuma na sakaya sunayen masu su, domin magana ce da ba kowa ke so a san shi da ita ba.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni magidanci ne mai shekara 52, kuma ina shan maganin hawan jini kullum. Wani abokina ya koya mini in zuba gishiri cokalin shayi biyu a cikin lita guda ta ruwan ɗumi, in shanye da sassafe kafin in ci komai, wai yana wanke dattin ciki. Na yi haka sau uku, kuma kowane karo nakan yi zawo sosai, in ji cikina wasai. Sai dai a karo na uku, da na miƙe daga banɗaki, na ga duhu ya rufe mini ido, zuciyata tana bugawa da ƙarfi, har sai da na dafa bango. Alama ce ta cewa maganin yana aiki, ko kuwa in rage gishirin?

Amsa: Malam, ba ragewa za ka yi ba, dainawa za ka yi gaba ɗaya, kuma ina roƙonka ka je a yi maka gwajin ƙoda da na gishirin jini a cikin wannan makon. Duhun da ya rufe maka ido alama ce ta cewa ruwan jikinka ya ragu har jini ya kasa isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata sa'ad da ka miƙe tsaye. Bugun zuciyar kuwa yana iya zama ƙoƙarin da take yi na cike wannan giɓi, yana kuma iya zama alamar cewa sinadarin fotashiyam, wani gishirin jini da ke daidaita bugun zuciya, ya yi ƙasa a jininka, wanda shi ne ya fi tayar mini da hankali.

Mu ɗan yi lissafi. Cokalin shayi ɗaya na gishiri yana kai kimanin giram 6, saboda haka ruwan da kake shanyewa cikin 'yan mintuna yana ɗauke da kusan giram 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini guda, idan aka haɗa duk abin da ya ci tun safe har dare. Ke nan kafin ka karya kumallo ka riga ka sha fiye da ninki biyu na wannan adadi, alhali kana fama da ciwon da gishiri ke tsananta shi. Idan ruwan ya wuce da sauri, yakan janye ruwan jiki zuwa cikin hanji ya fitar da shi tare da fotashiyam. Idan kuma bai wuce ba, kamar yadda ke faruwa da wasu, to jiki ne zai tsotse gishirin duka, jini ya hau, ƙafafu su kumbura, mai raunin zuciya kuma ruwa ya taru masa a huhu. Ko ta wace hanya aka bi, akwai hasara.

Maganin hawan jinin da kake sha ya ƙara wa lamarin nauyi. Wasu daga cikin waɗannan magunguna suna sa yawan fitsari ne, su ma suna fitar da ruwa da fotashiyam, wasu kuma suna rage wa ƙoda ikon kare kanta idan ruwan jiki ya yi ƙasa. Idan aka haɗa su da zawo mai ƙarfi, balle a ce mutum yana shan maganin ciwon jiki irin su ibufurofen ko daikulofenak, ƙoda tana iya tsayawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Kada ka dakatar da maganinka bisa ra'ayin kanka saboda wannan bayani. Ka kai wa likitanka kwalin, ka gaya masa abin da ka sha ba tare da ɓoye komai ba.

Game da wasai ɗin da kake ji, ba na musun cewa kana jin sa. Hanjin da aka kwashe abin da ke cikinsa dole ya yi sakayau na 'yan awoyi. Amma ya kamata a san aikin babban hanji kafin a ce za a wanke shi. Tsawonsa kimanin mita 1.5 ne, kuma kullum ƙaramin hanji yana miƙa masa ruwa da ya kai lita 1 zuwa 1.5, shi kuma ya tsotse mafi yawansa ya mayar wa jiki, ya bar ɗan kaɗan ya fita da bayan gida. Fatar da ke shimfiɗe a cikinsa tana sabunta kanta cikin ƙasa da mako guda, kuma tana da yauƙi da ke hana abu manne mata. A cikinsa akwai tiriliyoyin ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda ke narkar da abin da ya gagari ciki, su ciyar da bangon hanjin, su kuma hana miyagun ƙwayoyin cuta samun wurin zama. Tace guba daga jini kuwa aikin hanta da ƙoda ne. Abin da ruwan gishiri ke fitarwa shi ne bayan gidan da dama zai fita da kansa gobe, tare da ruwa da sinadaran da jikinka ke bukata yau.

Tambaya: Likita, ni matashiya ce, na sayi wani garin wankin ciki da shayinsa a intanet domin rage tumbi. Bayan kwana huɗu na fitar da wani abu doguwa, baƙi-baƙi, mai danƙo kamar roba. Mai sayarwar ta ce dattin shekaru ne da ya manne a hanjina. Yanzu wata na biyar ina sha, kuma idan na tsallake kwana biyu ba na iya yin bayan gida. Idan ba datti ba ne, mene ne na gani da idona?

Amsa: Malama, abin da kika gani da idonki gaskiya ne, fassarar da aka yi miki ce ba gaskiya ba. Irin wannan gari yawanci ana haɗa shi ne da ɓawon wani iri mai kumbura idan ya sha ruwa, da kuma wata farar laka mai danƙo. Idan suka haɗu da yauƙin hanji sai su daskare, su ɗauki siffar bututun da suka biyo, su fito kamar igiya. Ki gwada zuba cokali guda na garin a rabin kofin ruwa, ki ajiye shi zuwa safiya, ki ga abin da zai zama. Likitocin da ke zura kyamara a cikin hanjin mutane kullum, na yara da na tsofaffi, ba sa tarar da wani datti da ya shekara a manne da bango. Abin da suke gani fata ce mai laushi, ja-ja, mai sheƙi kamar cikin kunci.

Ba laifinki ba ne da kika gaskata, domin wannan tunani ya daɗe ƙwarai a duniya, har likitoci sun taɓa riƙe shi. Tsoffin Misirawa sun ɗauka cewa ruɓewar abinci a hanji ita ce tushen cututtuka, kuma takardar magani ta Ebers, wadda aka rubuta kimanin shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta ambaci ɗura ta dubura. A farkon ƙarni na 20 wani fitaccen likitan tiyata a Landan, William Arbuthnot Lane, ya riƙa yanke wa mutane babban hanji saboda imanin cewa yana sa wa jiki guba, yayin da John Harvey Kellogg a jihar Mishigan ta Amurka ya mai da ɗura babban magani a gidan jinyarsa. A 1919 wani likita Ba'amurke, Walter Alvarez, ya yi bayanin cewa ciwon kai da kasalar da mai taurin bayan gida ke ji sun samo asali ne daga cikar hanji da miƙewar bangonsa, ba daga wata guba da ta shiga jini ba, shi ya sa suke gushewa nan take da zarar mutum ya yi bayan gida. Sannu a hankali likitoci suka yi watsi da wannan ra'ayi, sai 'yan kasuwa suka tsince shi.

Abin da ya fi damuna a saƙonki shi ne wata biyar ɗin nan. Yawancin shayin rage tumbi yana ƙunshe da ganyen sanamakki, wanda ake kira filasko, ko kuma ruwan ɗacin da ke ƙarƙashin ɓawon alobera. Sanamakki magani ne na gaske, ana ba da shi a asibiti da awo na 'yan kwanaki, amma a cikin haɗin da ba a rubuta adadinsa ba, babu wanda ya san yawan abin da kike sha, har da mai sayarwar. Alobera kuwa, tun a 2002 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta cire ta daga jerin magungunan sa zawo da ake sayarwa ba da takardar likita ba, saboda ba a gabatar da hujjar da ke tabbatar da amincinta ba. Nauyin da kike ganin ya ragu a sikeli ruwa ne, domin kafin abinci ya isa babban hanji, ƙaramin hanji ya riga ya tsotse kusan duk kitse da sukarin da ke cikinsa. Shi kuma rashin yin bayan gida na kwana biyu, wani ɓangarensa saboda hanjin da aka kwashe yana bukatar lokaci kafin ya sake cika, wani ɓangaren kuma saboda ya saba da a tilasta masa. Kada tsoron wannan ya mayar da ke ga shayin. Ki ga likita ya duba fotashiyam ɗinki, ya sauya miki da magani mai tausasa bayan gida wanda za ki janye a hankali. Idan kina shan ƙwayar tazarar haihuwa ko maganin farfaɗiya, ki sani zawo mai yawa yana iya fitar da su kafin su yi aiki. Idan kuma kin lura tsoron ƙiba ne ke hana ki bari, ki faɗa wa likitan wannan ma, domin abu ne da ake taimaka wa mutum a kai, ba abin kunya ba.

Tambaya: Likita, ɗana mai wata 18 ya kwana huɗu bai yi kashi ba, yana ta yunƙuri yana kuka. An ba ni shawarar in narka sabulu a ruwan ɗumi in ɗura masa da 'yar robar ɗura. Yaya yawan ruwan da ya dace?

Amsa: Maman yaro, babu adadin da ya dace, kada ki yi masa wannan ɗura ko kaɗan. Na san kukan yaro a wannan hali yana karya zuciyar uwa, amma ki saurare ni. Bangon duburar yaro siriri ne ƙwarai, kuma yaron da ke mutsu-mutsu a hannu, motsi ɗaya ya isa bakin roba ya huda shi. Idan hanji ya huje, kashi yana malala cikin kogon ciki, kuma wannan sai tiyatar gaggawa. Wani abin tsoro shi ne cikin dubura ba ya jin ciwon yanka ko ƙuna kamar yadda fatar waje ke ji, saboda haka ana iya yin ɓarnar ba a sani ba, sai bayan awoyi ciki ya kumbura, zazzaɓi ya rufe yaro. Sabulu kuma yana ƙona fatar hanji, ya jawo kumburi da kashin jini. Ko ruwa zalla ne, hanjin yaro yana iya tsotse shi da yawa har gishirin jininsa ya tsinke, abin da ke kawo suma da jijjiga.

Ko maganin ɗurar da ake sayarwa a kantin magani, mai sinadarin sodiyam fosfet, ba a yi wa yaron da bai kai shekara 2 ba. A watan Janairun 2014 hukumar nan ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wuce awo guda na wannan magani cikin awa 24 ya jawo mummunar illa ga ƙoda da zuciya, har da mutuwa, a manya da yara. Ki kai shi asibiti a duba shi, akwai maganin sha mai tausasa kashi da ake auna wa yara gwargwadon nauyinsu. Idan cikinsa ya kumbura, ko yana amai, musamman kore, ko ya ƙi shan komai, to yau za ki tafi, ba gobe ba. Ki kuma tuna wa likita ko yaron ya yi jinkirin kashinsa na farko bayan haihuwa, domin akwai yaran da ake haifa da wani sashe na hanji da ba shi da jijiyoyin motsi, kuma su ne ɗura ta fi yi wa illa.

Tambaya: Likita, yayata tana jinyar sankarar mama. Wasu sun ce ta riƙa ɗurar ruwan kofi sau da yawa a yini domin fitar da gubar magungunan asibiti, har wata ta yi alkawarin ara mana kayan ɗurarta. Mene ne ra'ayinka?

Amsa: Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki da alheri bisa kulawar da kike yi da ita. Ra'ayina shi ne kada a yi, kuma a kan wannan ba ni da wani kokwanto. Ɗurar kofi ta yaɗu ne ta hanyar tsarin wani likita Bajamushe, Max Gerson, wanda ya yi ikirarin yana warkar da sankara, kuma har yau babu ingantaccen gwaji da ya tabbatar da ikirarin. Illarta kuwa a rubuce take. A 1980 mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka ta buga rahoton mata biyu da suka rasu bayan yawan ɗurar kofi, sakamakon rikicewar gishirin jininsu, kuma an sha samun waɗanda ruwan kofi mai zafi ya ƙona musu dubura har ta tsuke daga baya.

Batun aron kaya ya ƙara muni. Tsakanin 1978 da 1980, a wani gidan wankin hanji da ke jihar Kolorado ta Amurka, na'urar da ba a tsabtace ta yadda ya kamata ba ta yaɗa cutar atuni ta amiba ga aƙalla mutum 36. An yanke wa 10 daga cikinsu hanji, 6 suka mutu.  Yayarki kuwa, magungunan sankara suna rage mata ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta da waɗanda ke tsayar da zubar jini, ta yadda ɗan ƙarcewa a dubura zai iya buɗe wa bakteriya ƙofa zuwa cikin jini. Shi ya sa a asibiti ma ake guje wa saka wa irin waɗannan majinyata komai ta dubura. Maganin da ake ba ta ba datti ba ne da za a wanke, hanta da ƙoda suna fitar da shi a lokacin da aka ƙiyasta. Idan taurin bayan gida ne ke damunta, wanda magungunan kashe raɗaɗi da na hana amai kan jawo, ku gaya wa masu kula da ita. Haka nan duk wanda ya kawo muku wani ruwa mai warin bilic da sunan maganin mu'ujiza, na sha ko na ɗura, ku mayar masa da abinsa, domin sinadarin wanke kaya ne, kuma hukumomin lafiya sun yi ta gargaɗi a kansa.

Tambaya: Ina da cikin wata bakwai, kuma bayan gida yana yi mini wuya. Zan iya shan man zurman?

Amsa: A'a, Hajiya. Sinadarin da ke cikin man zurman da ke murɗa hanji yana murɗa mahaifa ma, kuma yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci. Taurin bayan gida abu ne da ya zama ruwan dare ga masu juna biyu, sau da yawa ƙwayar ƙarin jini ce ke ƙara shi. Ki faɗa a wurin awo, akwai magungunan da ba sa cutar da ciki.

Tambaya: Likita, idan wankin ciki yana da haɗari haka, me ya sa a asibiti ake ba mutane ruwan da ke sa su zawo har sai cikinsu ya zama fes? Mahaifina mai shekara 67 ya fi wata uku yana fama da taurin bayan gida, wani lokaci da jini, kuma ya rame. Muna ta ba shi maganin wankin ciki da na basir, amma abin sai gaba yake yi.

Amsa: Tambayarka tana kan hanya. Ana wanke hanji a asibiti ne domin kyamara ta ga bango sarai, ko kafin wasu tiyatoci, ba domin wankin kansa yana ƙara lafiya ba. Ruwan da aka fi amfani da shi an haɗa shi ne ta yadda zai wuce ba tare da ya kwashe gishirin jiki da yawa ba, kuma kafin a ba mutum sai an tambayi lafiyar ƙodarsa da zuciyarsa da magungunan da yake sha, an tabbatar hanjinsa ba a toshe yake ba. Duk da wannan taka-tsantsan, akan samu wanda abin ya wahalar. Haɗari ne da ake ɗauka sau ɗaya saboda wata fa'ida da aka sani.

Amma maganar Baba ta fi wannan gaggawa, kuma zan faɗa maka ita ba tare da kwana-kwana ba. Yin bayan gida daga sau uku a yini zuwa sau uku a mako duk lafiya ne, muddin haka mutum ya saba, kuma taurin da ya zo na ɗan lokaci yakan warware da shan ruwa, da motsa jiki, da cin abinci mai harza kamar ganye da wake, domin ana so baligi ya samu aƙalla giram 25 na harza a yini. Na Baba ba irin wannan ba ne. Dattijon da yanayin bayan gidansa ya sauya na tsawon watanni, ga jini, ga rama, dole a bincika ko akwai tsiro a hanjinsa. Ba ina cewa sankara ce ba, yana iya zama basir ɗin ne ko wani abu mai sauƙi, amma sankarar babban hanji ita ce ta uku a yawa cikin sankarorin duniya, kuma tana warkuwa sosai idan aka kama ta da wuri. Idan akwai abin da ya tsuke hanyar, maganin sa zawo mai ƙarfi yana tura ruwa da iska ne a bayan ƙofar da ke rufe, hanjin ya kumbura har ya iya fashewa.

Ku tsayar da duk wani haɗi daga yau, ku tattara kwalabe da ƙullin duk abin da kuka ba shi ku tafi da su asibiti, ku nemi a yi masa gwajin jini a kuma duba hanjinsa da kyamara. Idan kafin ranar ganin likita cikinsa ya kumbura, ya fara amai, ko ya daina fitar da iska, kada ku ba shi komai ta baki, ku wuce da shi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.